Tiyatar Gyaran Nono Bayan Ɗaukewar Al'ada: Abin Da Za Ki Tantance Kafin Ki Amince

Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Sinadarin estirojin, wanda ƙwan mace ke samarwa, na raguwa, jijiyoyin da ke samar da ruwan nono su motse, kitse ya maye gurbinsu, fata ta saki. Wata nonon ya zube, wata kuma ya ƙara girma har ya jawo mata ciwon wuya da baya, igiyar rigar mama ta yi mata shata a kafaɗa, ƙarƙashinsa ya riƙa kurji lokacin zafi.

Aikin tiyatar gyaran nono iri uku ne: ɗaga nonon da ya zube, rage wanda ya yi nauyi, da ƙara girma da jakar silikon (jaka mai laushi da ake sakawa a cikin nono) ko kitsen jikinki. Ragewa sau da yawa magani ne na gaske ga mai ciwon baya. Jakar silikon kuwa ba ta ɗaga nono, nauyinta ma kan ƙara janyo fatar da ta riga ta yi laushi. Mai da sabulun da ake tallatawa ba sa ɗaga komai, allurar ruwan silikon da ake yi a ɗakunan kwalliya kuma tana iya ruɓar da nama.

Mataki na farko shi ne hoton mamogiram, wato hoton asibiti da ke duba cikin nono, domin a shekarun nan haɗarin sankarar mama ke ƙaruwa. In akwai ƙullutu, ko jini daga kan nono, ko kan ya koma ciki, ko fatar ta loɓa, a ajiye zancen kwalliya har a gano dalili. In ragewa za a yi, ki tabbatar an kai naman da aka cire ɗakin gwaji.

Sai suga da hawan jini. Sugan da bai daidaita ba yana hana ɗinki kamawa, yana gayyato ƙwayoyin cuta. Taba da shisha suna matse ƙananan jijiyoyin da ke kai wa kan nono jini, shi ya sa ake daina su aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa. In jinin ya yanke, kan nonon na iya yin baƙi ya mutu. Ki faɗa wa likita duk abin da kike sha, har asfirin da haɗin gargajiya da kayan mata. Mai shan ƙwayar homon, wadda ke maye gurbin estirojin da ya ragu, don zafin jiki da zufar dare, likita kan ce ta dakata kamar mako 4 kafin aiki, saboda tana ƙara haɗarin daskarewar jini.

Aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 4 cikin allurar barci. A aikin ɗagawa ko ragewa, tabo zai zagaye kan nono ya gangaro ƙasa, wani lokaci ya bi lanƙwasar ƙarƙashi, kuma mahaɗar layukan nan ce ta fi saurin buɗewa. Baƙar fata ta fi yin tabo mai tsiro; in hujin kunne ya taɓa yi miki haka, ki nuna wa likitan tun kafin ya sa rana. Jin taɓi a kan nono na iya raguwa, wani lokaci har abada.

Bayan aiki, rigar mama marar ƙarfe dare da rana kusan mako 6, babu ɗaukar bokiti, daka, ko goyon jika. Ki riƙa tattaki tun ranar farko. Nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya, zazzaɓi, mugunya, kumburin sha-raɓa, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama: asibiti nan take.

Jakar silikon ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, ko tabon da ya kewaye ta ya ƙanƙance nonon ya yi tauri, a sake shiga tiyata kina da shekara 70. Hukumar magunguna ta Amurka tana ba da shawarar a ɗauki hotonta bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. Ki sanar da mai ɗaukar mamogiram cewa kina da ita, don ya canza yadda zai ɗauka.

A Najeriya ki nemi shaidar rajistar likitan da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da ƙwarewarsa a tiyatar gyaran jiki, ki tambayi wa zai ba da allurar barci. Mai niyyar zuwa waje ta san cewa doguwar tafiyar jirgi da sabon ɗinki na ƙara haɗarin daskarewar jini, ta kuma shirya likitan da zai duba ta in ta dawo tun kafin ta tashi.