Ƙorafi ba ya sa a kori tsoho daga gidan kula da tsofaffi a Amurka

Iyalai da yawa suna haɗiye fushi, wai idan suka yi magana za a kori tsohonsu. Dokar tarayya ta 1987 ta hana ramuwar gayya a gidajen da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati. Dalilai shida kawai aka yarda da su na sallama, kamar ƙin biyan kuɗi ko rufe gidan, kuma ƙorafi ba ya ciki. Galibi sai an ba da takardar sanarwa kwana 30 kafin lokaci, ana kuma iya ɗaukaka ƙara.

Idan kun ga gyambon kwanciya a jikin tsohonku, wato ciwon da daɗewa a kwance ke jawowa, ku ɗauki hoto da kwanan wata. Ku nemi takardun jinya a rubuce. Wajibi ne a nuna su ga tsohon ko wakilinsa na doka cikin awa 24, ban da ƙarshen mako da ranakun hutu. Sannan ku kira ofishin Ombudsman na jihar, mai sauraron koke-koken mazauna irin waɗannan gidaje, kyauta ne.