Ma'anar "sinkironos": ƙari biyu lokaci guda a bututun abinci

Idan likita ya rubuta "sinkironos" a sakamakon gwaji, yana nufin an samu ƙari biyu masu asali daban-daban a jikin mutum ɗaya, lokaci guda ko cikin wata shida. Tun 1932 Warren da Gates, likitoci a Amurka, suka gindaya sharaɗi kan irin wannan sankara: kowacce ta zama mai zaman kanta, a kuma tabbatar ba ɗaya ce ta yaɗu ta haifi ɗayar ba. In ƙarin biyu suka girma har suka haɗe a wuri guda, sai a ce sun yi karo.

Bututun abinci, daga maƙoshi zuwa tumbi, tsawonsa kusan santimita 25 ne, bangonsa kuma hawa-hawa. Sankarar da aka saba gani daga fatar da ta shimfiɗe cikin bututun take tsirowa: sikwamos, mai alaƙa da taba da giya, sai adinokasinoma, wadda ƙwannafi na shekara da shekaru ke share wa fage. Can ƙasa cikin tsokar bangon kuwa wani ƙari mai suna layomayoma kan fito. Ita ba sankara ba ce, mai ita ma sau da yawa bai san yana ɗauke da ita ba.

Rikicin yana zuwa ne idan sikwamos ta tsiro a kan layomayoma. An zura kyamara cikin bututun, an ga ƙullutu babba, an tsinko ɗan nama daga samansa, gwaji ya ce sankara. Wa zai ga laifin likitan da ya ɗauka ƙullutun duka sankara ne da ta ci can cikin bangon? Sai a yanke shawarar cire bututun, tiyata mai nauyin gaske, alhali ciwon bai wuce fata ba, ana iya ɓare shi ta kyamarar nan. Akan kuma yi kuskuren ta ɗaya gefen: a ga ƙullutu sumul, a ce ba komai.

Shi ya sa ake leƙa kowane hawa da na'urar hoton sauti da ke bakin kyamarar, a kuma fesa ruwan aidin: lafiyayyar fata ta rine ruwan ƙasa, mai ciwo ta tsaya fari-fari. Ko ƙarin cikin tsokar ma sai an tantance shi, domin akwai wani mai kama da layomayoma, GIST, da kan rikiɗe ya yaɗu, kuma yana da nasa maganin, imatinib.