Tsofaffin Akwatunan Tafiya na Alfarma

Tsofaffin akwatunan tafiya na alfarma manyan adakoki ne da aka ƙera wa masu hannu da shuni a Turai, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, zamanin da jirgin ƙasa da jirgin ruwa ke tashe. Yanzu babu mai tafiya da su. Masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu a gidajen gwanjo, wasu kuma su mayar da su teburin falo. Gidaje uku na birnin Paris suka fi suna: Moynat da ya fara a 1849, Goyard a 1853, sai Louis Vuitton a 1854.

A da murfin akwati mai doro ne, don ruwan sama ya riƙa gangarewa idan an ɗora shi kan keken doki. A 1858 Vuitton ya fito da mai shimfiɗaɗɗen murfi, wanda ya lulluɓe da zane mai kauri, ruwan toka, da ruwa ba ya ratsawa. Hakan ya sa ana iya jibga wani kan wani a tarago.

Da wannan zanen ne masana ke gane shekarun akwati, kuma 'yan jabu ne suka jawo haka, domin duk salon da gidan Vuitton ya fitar sai an kwaikwaya, shi kuma ya sauya. Mai ratsi-ratsi ya zo a 1872, mai gidan dara da ake kira Damier a 1888, sannan a 1896 Georges, ɗan Louis Vuitton, ya kawo mai harufan LV da furanni. Goyard kuwa nasa zanen na 1892 da hannu ake ɗiɗɗiga shi a wancan zamani.

Mai saye yakan duba lambar da ke jikin makulli, da takardar shaidar da ke liƙe a ciki, da ƙusoshin tagulla. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne gyara yakan karya farashi. Akwatin da ya kwarzane, da harufan sunan mai shi na farko da takardun otal-otal manne a jikinsa, ya fi wanda aka sake wa fata daraja.

Mafi wuyar samu su ne na musamman, irin na tutiya da aka yi wa masu zuwa ƙasashe masu zafi saboda gara da laima, da akwatin da ke buɗewa ya zama gado, wanda Vuitton ya ƙera wa Pierre Savorgnan de Brazza, mutumin da Brazzaville ta ci sunansa.