Bashin IMF da Bashin China: Ina Bambancin Yake?

Me ya sa ake cewa Amurka ke juya akalar IMF?

Tun taron Bretton Woods na 1944 da ya haifi IMF (Asusun Ba da Lamuni na Duniya) da Bankin Duniya, nauyin ƙuri'ar kowace ƙasa gwargwadon kuɗin da ta zuba ne. Amurka na riƙe da kusan kashi 16 cikin 100 na ƙuri'un IMF, manyan shawarwari kuwa ba sa wucewa sai da kashi 85. Idan ta ƙi, magana ta mutu.

Wane sharaɗi IMF ke gindayawa?

Galibi a janye tallafi, a bar kasuwa ta yanke darajar kuɗi, a sayar da kamfanonin gwamnati. Kuɗin ma ba a ba da shi duka lokaci guda. Kashi-kashi ake saki, bayan an duba ko an cika alkawari. Najeriya ta ƙi karɓar bashin IMF a zamanin Babangida, amma ta rungumi SAP, shirin gyaran tsarin tattalin arziki, a 1986, kusan maganin iri ɗaya ne.

China ba ta sa sharaɗi ke nan?

Tana sawa, sai dai a takardar kwangila, ba a kasafin kuɗi ba. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, bankin China Exim ya ba da bashin dala miliyan 500, kamfanin CCECC na China ya yi aikin. Haka tsarin yake: kuɗi daga can, ɗan kwangila daga can. Wasu yarjejeniyoyin ma sukan hana bayyana abin da ke ciki, ko su ce a ware asusun da za a riƙa tara kuɗin biya.

Idan ƙasa ta kasa biya fa?

Nan ake yin ta. Zambiya ta gaza biya a Nuwamba 2020. IMF ba ta sakin kuɗi sai masu bin bashi sun yarda za su sassauta. China kuma, wadda ke cikin masu bin Zambiya bashi, ta nace sai Bankin Duniya ma ya ɗauki asara, shi ko bai yarda ba. Sai a Yuni 2023 aka cimma matsaya kan bashin dala biliyan 6.3.

Bankin ƙungiyar ƙasashen BRICS zai maye gurbin IMF da Bankin Duniya?

Da sauran tafiya. Bankin, mai hedikwata a Shanghai, ƙasashe biyar da suka kafa shi (Brazil, Rasha, Indiya, China da Afirka ta Kudu) hannun jari daidai suka zuba, babu mai ikon hawa kujerar na ƙi. Amma ayyuka yake ba wa bashi, ba ya ceto ƙasar da asusun ajiyarta na waje ya bushe. Wannan aikin har yanzu na IMF ne.