Koren Ofal (Firas Ofal)

Koren ofal, wanda masana duwatsu ke kira firas ofal, wani nau'i ne na ofal, wato wani dutsen ado, mai launin tsanwa, wani lokaci kuma kore shar. Kalmar "firas" daga Girkanci ta fito, inda "prason" ke nufin wata irin albasa mai dogon ganye, kuma launin ganyen ne aka kwatanta da na dutsen.

Kamar kowane ofal, silika ce (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi) da ruwa a cikinta. Yawanci ruwan kan kai kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin dutsen. Amma shi ba ya walƙiyar launuka iri-iri da aka san ofal mai tsada da ita, wadda ke fitowa idan ƙwayoyin silika suka jeru reras suna karkasa haske. A koren ofal babu wannan jeri, don haka ana lissafa shi cikin ofal na gama-gari. Wannan suna bai yi masa adalci ba. Wanda ya ɗaga gogaggen koren ofal na Tanzaniya ya kalli rana ta cikinsa zai ga haske ya ratsa gefensa, tsakiyar kuma ta yi sanyin launi kamar ɗanyen ganye.

Sinadarin nikel, wani nau'in ƙarfe, shi ne ke ba shi launin, kuma wannan ne ke bayyana wuraren da ake samunsa. Akwai wasu duwatsu na can ƙarƙashin ƙasa masu yawan nikel, musamman safentinait. Idan suka fito sarari, ruwan sama ya yi ta cinsu shekaru aru-aru, sai silika da nikel su narke, su gangara cikin tsaguwar dutsen, su daskare. Shi ya sa mahaƙa ke tarar da shi a matsayin siraran jijiyoyi cikin ruɓaɓɓen dutse mai launin ƙasa-ƙasa.

Wurin da ya fi shahara shi ne yankin Haneti da ke lardin Dodoma a tsakiyar Tanzaniya, inda ake haƙarsa a tsaunin Iyobo. A can rami ɗaya kan ba da koren ofal da ɗan'uwansa kirisofiras, wani koren dutsen ado wanda shi ma nikel ne ya rina shi. Haka abin yake a Szklary da ke yankin Silesiya ta ƙasar Polan, tsohon wurin haƙar nikel wanda kirisofiras ɗinsa ya yi suna a Turai tun ƙarnoni da suka wuce.

Kamannin waɗannan biyun kan ruɗi ido, har na ƙwararru. Awo ne ke raba gardama. Kirisofiras dangin kuwaz ne (dutse mai tauri da ke da yawa a cikin yashi), taurinsa 6.5 zuwa 7 a ma'aunin Mohs mai auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, kuma ya ninka ruwa nauyi kusan sau 2.6. Koren ofal kuwa taurinsa 5.5 zuwa 6.5 ne, nauyinsa wajen sau 2.1, saboda haka a tafin hannu ya fi sauƙi.

Ba kowane ofal mai kore ne firas ba. Wanda ake haƙa a tsaunukan Andis na ƙasar Peru, mai launi tsakanin shuɗi da kore, jan ƙarfe ne ya ba shi launinsa. Ana kuma sayar da wani daga Madagaska mai kore da ratsin ruwan ƙasa, wanda haske bai cika ratsa shi ba. A kasuwar duwatsu wani lokaci duk akan kira su koren ofal.

Masu sassaƙa sukan goge shi ya yi tudu sumul, a sa a zobe ko 'yan kunne, ko a huda shi a yi abin wuya. Sai dai yana son lallaɓawa. Ƙura kanta tana ɗauke da ɓarɓashin kuwaz da ya fi shi tauri, don haka gogewa da busasshen ƙyalle mai datti kan dushe masa fuska a hankali. Zafi mai yawa ko canjin yanayi farat ɗaya na iya busar da ruwan cikinsa ya tsattsage. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu sun isa wanke shi.