"Mi Kag Gani Ciki?": Waiwaye Kan Hirar Fim a Gusau

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida ƙanwar mahaifiyata a Tudun Wada, nan Gusau, na tarar tsakar gida ta kaure kamar ana rabon gado. Surukarta na tankaɗe, autarta ta dafa taɓarya ta bar daka, ita kuwa Inna tana kan tabarma da carbi a hannu, amma bakin ba tasbihi yake ba.

"Wanga yaro bai da zucciya," in ji ta. "Uwarka ta ce ka saki mata, kai ko ka tsaya kana ta hawaye. Ko ka saka, ko ka ba tsohuwa haƙuri. Sati huɗu ke nan shina kuka!"

Gabana ya faɗi, na ce, "Inna, ɗan wa ke nan cikin dangi?" Sai gida ya ɗauki dariya. Ashe jarumin wani fim ne mai dogon zango da suke bi duk mako.

Irin wannan hira ba a rubuta ta, ba a kuma ɗaukar ta da muhimmanci, amma ita ce kotun da fim ke ci ko ya faɗi a ƙasar Hausa. Ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba, ta kuma sha sauya mazauni, musamman a nan Zamfara.

Dattawanmu sun fara da majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, a tayar da inji, kowa ya zo kyauta. Abin da ake nunawa bai wuce noman auduga da gyaɗa, tsabtar rijiya, allurar rigakafi, da labarun manya ba, kamar zuwan Sarauniyar Ingila Nijeriya a 1956, daga baya kuma rangadin Sardauna. Hoton ba ya jin Hausa, saboda haka akwai ma'aikacin da ke riƙe da lasifika yana bayani. Wannan mutumin shi ne mai sharhin fim na farko da Bahaushe ya sani, kuma tun daga kansa aka saba da cewa kallo ba ya cika sai da bakin wani a gefe.

Silima ta kuɗi daban take. A Kano aka buɗe Rex a 1937, sannan ta bazu zuwa garuruwan ciniki. Gusau na cikinsu, domin tun da layin dogo ya ratsa ta ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ta zama matattarar auduga, gyaɗa da baƙi. 'Yan kasuwa Kwara, wato mutanen Lebanon, su suka riƙe harkar shigo da finafinai, kuma su suka gano cewa na Indiya sun fi na kaboyi karɓuwa a Arewa. Sai dai silima ba ta taɓa samun shaidar kirki ba. Wuri ne na dare, na maza, ga hayaƙin taba, kuma a kira yaro "ɗan silima" ba yabo ba ne. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari uku, ta ƙara wa mutane da yawa yaƙinin cewa wurin ba shi da albarka.

To, a nan ne hirar fim ta yi ƙuruciyarta mafi daɗi, kuma rashin shiga ne ya jawo. Cikin samari goma na unguwa, wataƙila biyu ne ke da kuɗin tikiti da kuma ƙarfin halin haura katanga in an kulle gida. Washegari sauran takwas za su kewaye su a dakali. Wanda ya kalla ba ra'ayi ake nema wurinsa ba tukuna, labari ake so, daga rubutun farko har mutuwar bos. Fim ɗin Indiya kan kai awa uku, kuma babu mai jin yaren, don haka kowa da fassarar da ya ga dama. Wani yayanmu a Sabon Gari ya ƙware a wannan. Zai miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, ya yi muryar akta, ya juya ya yi ta bos, ya yi ƙarar naushi da baki, in an zo waƙa ya ɗaura ɗankwalin ƙanwarsa ya yi ta da Indiyancin da ko a Bombai ba a taɓa ji ba. Shekaru bayan haka na kalli ɗaya daga cikin finafinan da ya ba mu, na ga ashe wadda ya ce mana budurwar akta ce, ƙanwarsa ce. Wallahi nasa labarin ya fi.

Ma'aunin wancan zamani a bayyane yake: faɗa nawa aka yi, waƙa nawa, kuma bos ya mutu mutuwar da ta dace da muguntarsa ko kuwa an yi masa sauƙi. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Ba wanda ke tambayar darasin da ke ciki. Fim na wasu mutane ne can, ba a auna shi da tarbiyyar gidanmu.

Tambayar darasi ta zo ne da fim ɗin Hausa na kaset. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake lissafawa na farko. Kafin ƙarshen shekarun 1990 harkar ta zama kasuwa sosai, mujallar Fim ta fara fita a 1999, a shekarar ne kuma sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa. Da mai kallo ya ga yarinya da atamfa irin ta ƙanwarsa tana rawa da saurayi a cikin lambu, sai abin da ya yafe wa Ba'indiya ya kasa yafe wa Bahaushiya.

Daidai wannan gaɓa Zamfara ta ɗauki hanyar da ta bambanta ta da saura. Jihar na da shekara uku kacal da ɓallewa daga Sakkwato lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Gidajen silima na cikin wuraren da aka rufe tare da mashaya da gidajen caca. Kano ma ta bi da nata salon, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rufe silima bai rage kallo ba ko kaɗan. Ya dai kwashe shi daga titi ya kai shi ɗaki, a daidai lokacin da bidiyo ke shiga kayan ɗakin amare. Mai hukunci sai ya canza. Da samari ne a dakali, yanzu matan aure ne a tsakar gida, waɗanda galibinsu ba su taɓa taka ƙofar silima ba. A aiki yaro shagon haya ya karɓo kaset, daga baya faifan sidi, in an kawo wuta maƙwabta su taru, in an ɗauke ana tsakiya a yi ta salati. Idon mata kuwa ya fi na samari kaifi. Ba ruwansu da yawan naushi. Su za su gaya maka cewa ba a yi wa uwar miji magana a tsaye, cewa matar da aka ce talaka ce ba za ta kwana da jan baki da gashin ido ba, cewa lefen nan ƙarya ne, cewa an nuna Bazamfare amma bakinsa na Kano ne tsantsa. Wannan na ƙarshe yana ci mana tuwo a ƙwarya har yau: sau da yawa ba a sa harshenmu a bakin ɗan wasa sai in ana son a nuna baƙauye ko a ba da dariya.

Tun daga lokacin muka koyi magana da baki biyu, kuma ban cire kaina ba. A majalisa, gaban manya, kowa malami ne: "Finafinan nan sun ɓata tarbiyya, babu faɗakarwa." Rikicin 2007 kan wani bidiyon batsa na wata 'yar fim, da ya sa aka dakatar da shirya fim a Kano na wasu watanni, da kuma hayaniyar da ta rusa shirin gina alƙaryar fim a 2016, duk da wannan bakin aka yi su. Amma mutumin da ya gama wannan jawabi shi ne zai koma gida ya tambayi iyalinsa ko an kawo kashi na biyu. A ganina kalmar "darasi" rabinta gaskiya ce, rabinta mayafi. Mai kallo na son ya ji daɗi, yana kuma jin nauyin a ce daɗi kawai ya kai shi. Sai ka ji an yabi fim da cewa ya faɗakar, alhali abin da aka kwana ana maimaitawa shi ne barkwancin marigayi Ibro.

Sauran tarihin da sauri ya zo. Waya ta kashe faifai, shagon haya ya koma shagon turi, inda ake zuba maka finafinai a memori da 'yan canji. Fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta ƙwace sana'ar irin su yayanmu, tun da yanzu akta da kansa ke magana da Hausar Kano, har da habaici. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai ci gaba mako-mako, sannan YouTube ya ɗauka, inda irin su Izzar So da Labarina suka mamaye tun 2020. Yanzu kowa ya kalla, kusan a dare ɗaya, saboda haka babu mai ba wani labari. Hirar ta koma hukunci da hasashe: "Sun fara ja," "Sun cika talla," "Ka ga wance, ita za ta tona asirin." Ta fi ta da yawa, amma ta fi ta gajarta, kuma wanda ya kuskura ya faɗi ƙarshen kashi gaban wanda datarsa ta ƙare, ya ja wa kansa zagi.

Sau ɗaya na ga tsohuwar hirar ta dawo, kuma ba a cikin daɗi ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka hana kasuwannin mako, aka taƙaita hawa babur da sayar da mai a jarka. Mutane na shiga mota har Funtuwa don kawai su kira 'yan'uwa. Makonnin nan babu YouTube, babu WhatsApp, ga zaman ɗar-ɗar, ga dare ya yi tsawo. Duk wanda ya dawo daga Funtuwa ko Zariya, bayan an tambaye shi lafiyar hanya, sai a tambaye shi ko ya sauko da sabon kashi.

Wani dare a teburin mai shayin unguwarmu, wani direba ya iso, ya ce ya kalli kashin makon a tasha amma wayarsa ta cika, bai sauko da shi ba. Nan take aka matsa masa wuri a benci. Wani dattijo, wanda na sha ji yana tsine wa 'yan fim, ya jawo kujerarsa kusa.

"To ɗana, mi kag gani ciki? Ta amsa laifinta ko ko?"

Direban ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a hankali, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai ba daga nan za a fara ba. Mai shayi, soya mini ƙwai uku a asusun Alhaji, in ɗauko muku shi tun daga farko."

Sai da ya kai mu sha ɗaya saura, kuma da layi ya dawo muka kalla, muka tarar ya ƙara mutum guda da babu shi a fim ɗin.