Waiwaye: Takardar da Ake Tsoro da Yaran da Suka Kuɓuce Mana a Zariya

Zariya garin tawada ne tun kafin a san da zancen hana littafi, wato ganin cewa kwashe wasu littattafai shi ne maganin matsalar tsaro. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ga kuma zaurukan malamai na cikin Birni, irin na Juma da Kona, inda ɗalibi ke durƙusawa ya biya littafi baki da baki. Al'adar da muka taras ita ce, idan malami ya rubuta abin da bai kwanta wa 'yan'uwansa ba, sai a yi masa raddi. Da Sheikh Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972 ya soki ɗarikun Sufaye, da alƙalami malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka mayar masa. An yi zafi ƙwarai, har masallatai suka rabu, amma littafin bai bar kasuwa ba.

Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ya sa hukuma ta ƙara yi wa wa'azi kallon maganar tsaro. A 1984 gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta yi dokar lasisin wa'azi, a 2016 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sake tado da ita, har da taƙaita kunna kaset ɗin wa'azi a bainar jama'a. Sai dai abin da ake yawan mantawa shi ne, Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ba da littafi ya tara jama'arsa ba. Gardawa ne da 'yan ci-rani, waɗanda birni ya ƙi karɓa, shi ya ba su tuwo da makwanci.

Haka aka sake yi da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram. Ya rubuta ɗan littafin aƙidarsa da Larabci, amma samarin da suka bi shi ta kaset da memori suka san shi. Waɗanda suka tare shi da gaske malamai ne, cikinsu har da Sheikh Muhammad Auwal Albani na Tudun Wada, wanda ya zauna ya warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya a gaban ɗalibai. Ranar 1 ga Fabrairu, 2014 aka harbe Albani a nan Zariya yana komawa gida daga karatu, tare da matarsa da ɗansa. Allah Ya jiƙan su. Har yau in na tuna, abin yana mini ciwo: an bar mai raddi ba kariya, ana can ana lissafin takardun da za a kwashe.

Ba na cewa a bar kowace takarda ta yi yawo. Wadda ta taɓa mutuncin Annabi (SAW) ko ta halatta jinin mutane, dole hukuma ta sa hannu. Amma yaran da ke ƙwacen waya da dare a Sabon Gari da Samaru, da waɗanda ƙwaya ta cinye, da masu kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabtansu, yawancinsu ko izu biyu ba su haɗa ba, bokon ma a firamare ta tsaya. Da aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021 aka kwashi ɗalibai da malamai, kuɗin fansa aka nema, ba wanda ya kawo aya ko hadisi.